Cikin da Hedimasta Ya Ƙi Gani

Ni Daudu maigadi na riga kowa gani. Kafin uwarta ta sani, kafin ma mijin ya farga, ni da ke zaune a kan buzuna a ƙofar makaranta na gane Malama Bahijja ba ita kaɗai ba ce. A da in ɗan acaɓa ya kawo ta, dira take yi ta wuce fuu, ko gaisuwar ma a tafe take jefo min. Wata safiya sai na ga ta dafa ƙarfen bayan babur, ta sauke ƙafa ɗaya, ta tsaya ta numfasa, sannan ta sauke ɗayar. Na ce to, magana ta ƙare. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Amma mutumin da ya ga yunwar da ta tashi garuruwa, ya warke daga agana, ya fito daga ƙarƙashin motar gyaɗa a hanyar Babura da ƙafafunsa biyu, ba a koya masa kallo. Na tsokane ta, na ce amarya, hijabin nan ya kusa yi miki kaɗan. Ta harare ni ta ce tsoho mai ran ƙarfe, ka ji da ƙofarka. Amma ba ta musa ba.

Bahijja 'yar wajen Gwiwa ce, daga gidan Fulanin da suka daɗe da zama suna noma suna kiwo. Aure ne ya kawo ta Roni. Mijinta Musaddiƙ yana da shagon kayan babur a Babura, sai ƙarshen mako yake leƙo gida. Ita kuma aka ɗauke ta koyarwa, aka tura ta makarantarmu, a wani ƙauye bayan duwatsu, inda hanya ba ta da mutunci ko da rani, balle da damina. Kullum a kan acaɓa take zuwa, a kansa take komawa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda aka samu matsala shi ne hedimastanmu, Malam Muhammadu Lawal, ƙanen mahaifin Musaddiƙ ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Uban ya daɗe da rasuwa, Malam ne ya riƙe yaron, shi ya je ya karɓo masa auren. Surukinta ne ke nan, ba na wasa ba. Bahijja ba ta kama sunansa. Akwai wani Lawal a ajinta, shi ma mai sunan Baffa take ce masa. Ba ta cin abinci inda zai gani, in ya ɓullo ta nan sai ta zame ta can. Shi kuwa bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskarta ba. In zai sa ta aiki, sai ya dubi allo ya ce a gaya wa malamar aji uku kaza, ko da tana tsaye a gabansa. Mutanen gari suna yaba su, ana cewa ga surukuta irin ta mutanen da. Sannan Malam yana da wani abin da yake tinƙaho da shi, cewa ba wanda ya isa ya ce ya fifita nasa. Don haka ajin da iska ta yaye wa rabin rufi, nata ne. Ajin da ya fi kowanne cika, nata ne. Tsayuwar taron safe a rana, ita ce a gaba.

A kan wannan kuma sai ga cikin fari, wanda ko uwar mace ba a faɗa wa da baki.

Da cikin ya fara nauyi, Malama Tasalla ta ja ta bayan aji lokacin hutun tara. Tasalla ta girme ta, 'ya'yanta rututu, ta san hutun haihuwa ciki da waje. Ta ce kada ta yi gaggawar ɗauka ta cinye shi a zaune. Ta lallaɓa sai cikin ya tsufa, ta ɗauka dab da haihuwa, yadda hutun zai kai ta gida goyon ciki, ya haye da ita arba'in, ta gama wankan jego a gaban uwarta, ta dawo aiki da ƙarfinta. Bahijja tana ji tana jin daɗi, har tana lissafin cewa za ta gama wa yaranta darussan zangon kafin ta tafi. Sai Tasalla ta ƙara da cewa abin da ya rage kawai takardar asibiti, hedimasta ya sa hannu, ya kai ofishin ilimi a Roni da kansa. Nan Bahijja ta tsura wa yatsun ƙafarta ido.

Zama a gida haka kawai kuma ba zai yiwu ba. Sabuwar ɗauka ce, ba a tabbatar da ita ba tukuna. Masu duba makarantu ba sa sallama kafin su zo, malamin da suka tarar ba ya nan ba tare da izini ba, sunansa ya fita ke nan. Aikin nan kuwa ba a kwance ta same shi ba. Shekaru ta yi tana karatu a Kazaure, 'yan uwa suna cewa me mace za ta yi da shi.

Ta fara da mijinta. Ta ce ya je ya yi wa Baffa bayani, tunda shi ɗansa ne. Musaddiƙ ya sosa ƙeya, ya ce to. Ran Juma'a bayan la'asar ya sa riga mai kyau ya tafi. Ya zauna a gefen tabarma, ya gai da Baffa, suka yi maganar damina, suka yi ta taki, suka yi ta wani sa da ya ɓata a unguwa, aka kira magariba ya taso. Da ya dawo ta tambaye shi, ya ce ai kin san Baffa, ba a samu fuska ba. Ta ce wace fuska, mutumin da ya goya ka? Ya ce shi fa bakinsa ba zai iya furta wannan magana a gaban Baffa ba, cikin fari ne, ta yi haƙuri zuwa wani makon. Ta dire masa kwanon tuwo har miya ta fallatsar masa a riga. Wani makon ya zo, ya sake tafiya, ya sake dawowa da labarin taki.

A wajen awo malamar asibiti ta ɗaura mata abin gwaji a hannu, ta duba, ta sake dubawa, ta danna mata ƙafa yatsa ya lotsa bai taso ba. Ta rufe ta da faɗa. Ta ce jininta ya hau, ta daina doguwar tsayuwa, ta daina hawan babur a hanyar duwatsu, in ba haka ba za ta yi asarar abin da ke cikinta, wataƙila har da kanta. Ta rubuta mata takarda, ta ce gobe-goben nan ta kai wa shugabanta.

Tasalla ce ta karɓi takardar, ta ce ita ba surukinta ba ne. Ta shiga ofis lokacin da Malam ya fita zagaye, ta shimfiɗa ta a tsakiyar teburinsa, ta danne da dutse. Bayan an tashi ya kira Tasalla. Ya miƙo mata takardar a ninke, idonsa a kan rajista, ya ce wani ya manta takardarsa a teburina, a mayar wa mai ita. Tasalla ta ce ranka ya daɗe, ta Malama ce, ba ta jin daɗi. Ya ce Allah ya sawwaƙe, a sha magani.

Ni ma na shiga, kada a ce ban shiga ba. Na tare shi a gindin darbejiya, na ce ranka ya daɗe, yarinyar nan nauyi gare ta, ko makaho ya shafa ya ji. Ya dube ni kamar na watsa masa ruwan wanki, ya ce Baba Daudu, da girmanka. Wai in je in kori awakin da suka shiga gonar makaranta. Ni da na binne ƙanwata da cikinta saboda irin wannan shirun, ni ake aikawa korar awaki.

Daga Gwiwa kuma Adda, mahaifiyarta, tana ta aiko saƙo, wai tana kewarta, wai ta zo ta kwana biyu, wai an gyara ɗakin baya. Ita ma ba ta faɗi dalili ba.

Abin da ya fi ci wa Bahijja rai shi ne kowa ya sani. In alli ya faɗi a aji, yara rige-rige suke yi su ɗauko mata. Matar Malam tana aiko mata da dafaffen zogale da fura, a ce wai an ga tana so. Wata rana ma da kunnenta ta ji Malam yana yi wa ɗan acaɓanta tsawa a bakin hanya, yana cewa ya riƙa tafiya a hankali, ba buhun gero ya ɗauko ba. To ya sani ke nan. Ya san a yi a hankali, bai san ya ɗauki biro ba. Takan tsaya a gaban allo ƙafafunta kamar turame, bayanta kamar ana sara, tana koya wa yara haɗa baƙi, zuciyarta tana tafasa. Kowa yana tsare mutuncinsa, ita ce aka bar wa kayan. Mijin yana kunya a Babura, uwar tana kunya a Gwiwa, surukin yana kunya a kan kujera a inuwa, ita kuma tana kunya a kan duwatsu, safe da rana. Ta tambayi kanta, in abin nan ya zube a hanya, wa zai ji kunya a ranar? Ta san amsar. Za su taru su ce haka Allah ya so, a raba goro, kowa ya tafi da mutuncinsa cif.

Ana haka lokacin jarrabawar 'yan aji shida ya zo. Akan tara yaran makarantun yankin a wuri ɗaya, kowace makaranta ta ba da malaman da za su tsare. Wurin bana yana can hayin rafi, ya fi makarantarmu nisa, hanyarsa kuma ta fi muni. Malam ya tara malamai a ofis ya faɗi waɗanda za su je. Malamar aji uku tana ciki, har a gama.

Tasalla ta yi gyaran murya, ta ce ita za ta je a madadinta.

"A kan me?" in ji Malam.

Malamai maza suka sunkuyar da kai, wani yana gyara hula, wani yana duba wayarsa. Tasalla ta buɗe baki, ta dubi Bahijja, ta dubi furfurar Malam, ta rufe. Shi kansa Malam gumi ne a goshinsa. Cire sunan yana nufin ya yarda ya gani, barinsa kuma ya san abin da yake nufi, ya zaɓi ya bari. Ya ce tunda babu dalili, kowa ya tafi aikinsa.

Ranar da za a fara, an kwana ana ruwa. Bahijja ta tashi kanta yana sarawa, ta zauna a bakin gado ta ɗora hannu a cikinta tana jira. Kullum da asuba abin da ke cikin yakan yi ta harbin ta, yau shiru. Ta sha ruwan sanyi, ta jira, shiru. Ta sa hijabi ta fita, don a makaranta za a haɗu a wuce tare.

A gangaren da ke kafin makaranta babur ya zame. Ba ta faɗi gaba ɗaya ba, ta dafe da hannu, gwiwarta ta nutse a taɓo. Ɗan acaɓan yana ta salati yana ba ta haƙuri. Ta ce ya tafi kawai, ta ƙarasa da ƙafa. Tana tafiya tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli suna yawo a idonta. Ta wuce ni a ƙofa ko harara ban samu ba, taɓo har gefen hijabinta, takalmi ɗaya a hannu. Na tashi na bi bayanta da sandata.

Malamai sun taru a barandar ofis suna jiran a tafi. Malam yana ciki yana rubutu. Bahijja ta zo bakin ƙofa ta durƙusa kamar yadda take yi kowace safiya, gwiwa biyu a ƙasa, ta gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ƙi. Ta dafa dokin ƙofa ta sake yunƙurawa, wani abu ya ɗaure mata mara, ta koma. Malam yana ta rubutu, yana jiran inuwarta ta gushe daga ƙofar. Biron yana tafiya, amma ta ga ba abin da yake rubutawa, layi ɗaya yake ta bi. Wannan ne ya ƙarasa ta. Ta daina ƙoƙarin tashi, ta gyara durƙusonta, ta ɗago kai ta dube shi a fuska, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka kawo ta.

"Baffa."

A makaranta ba ta taɓa kiransa haka ba. Biron ya tsaya.

"A je a shirya," ya ce wa teburinsa. "Yara suna jira."

"Baffa, ciki gare ni. Cikin ɗanka Musaddiƙ, wata takwas. Jinina ya hau, asibiti sun hana ni babur, yanzu na faɗi a gangare, tun asuba kuma ban ji motsinsa ba. Na durƙusa na kasa tashi. In kunya ce, na ji ta har na gaji. Ka sa min hannu a takardar nan, ko ka zo ka tsallake ni ka wuce."

Ba ta ɗaga murya ba, amma har ajin ƙarshe an ji. Wani malami ya zame ya bar barandar. Tasalla ta rufe baki da gefen mayafi. Malam ya miƙe tsaye, ya ce subhanallahi a hankali, ya dubi ƙofa, ga surukarsa ta cika ta. Ofishin ƙofarsa ɗaya. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Sai dattijon nan, da babbar rigarsa da hularsa, ya tattare riga ya taka kujera ya fita ta taga. Da idona na gani, har takalminsa ɗaya ya maƙale ya faɗo ciki.

Ya je gindin bishiya ya tsaya ya ba ofis baya. Daga can ya kira Tasalla, ya ce a kawo takardar. Ta zaro ta daga jakar Bahijja ta kai masa. A jikin bishiyar ya dafa ya sa hannu. Ya ciro waya ya kira wani mai mota a cikin gari, ya ce ya zo yanzu, ko me yake yi ya bari. Sannan ya hau babur ɗinsa da takalmi ɗaya ya nufi Roni da takardar, bai waiwayo ba.

Mata suka kama Bahijja suka ɗaga ta. Ba ta yi kuka ba, haƙoranta kawai ta cije. A mota ne, sun kusa shiga Kazaure, ta ji ɗan motsi kaɗan a ƙarƙashin hannunta, sai a lokacin hawaye suka zubo. A asibiti malaman suka yi ta faɗa, suna tambayar me aka tsaya yi har ta kai haka. Ba su bar ta ta koma gida ba, a makon aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, amma da ranta da muryarta. Hutu ya fito, sunanta yana nan a aiki, daga asibiti aka wuce da ita Gwiwa ta yi jegonta.

Sai kuma bakin mutane ya buɗe, su da a da ba su da baki. Gwaggwannin Musaddiƙ suka ce boko ya wanke mata ido, ta dubi suruki ta kira ciki da sunansa. Adda ta yi kwanaki tana dafa mata ruwan wanka ba ta ce mata uffan, wai ta zubar musu da mutunci a gidan surukai. Musaddiƙ da ya zo barka ya ce ai da ta ƙara haƙuri kaɗan, ya riga ya shirya zai faɗa a makon. Ta miƙa masa jaririyar ta ce ga ta nan, ya yi mata bayanin da kansa, ita ce ta yi jiran. Ya riƙe yarinyar yana kallon ƙasa, don ita ma kunyarta yake ji. Malam ya aiko da ragon suna mai kyau, bai zo ba. Kafin Bahijja ta dawo aiki ya nemi a sauya masa makaranta, aka mayar da shi wajen Yankwashi. Har yau in an yi taron dangi, yana jin ta iso yake neman takalmansa.

Yarinyar Nafisat sunanta. Yanzu a bayan uwarta take zuwa makaranta, tana jan gemuna in an sauke ta.

Har gobe akwai masu zama a majalisa suna cewa Bahijja ba ta da kunya, akwai kuma masu cewa tsoho ne ya ƙara gishiri. To ni ina nan a ƙofar makaranta, ban je ko'ina ba. Duk namijin da ya isa, ya zo. Zan ɗaura masa tiya uku ta gero a ciki da hannuna, in ɗora shi a acaɓa ranar da aka kwana ana ruwa, ya bi gangaren nan, ya zo ya durƙusa a bakin ofis gwiwa biyu. In ya tashi ba tare da ya nemi hannu ba, ya kira ni maƙaryaci a gaban yara.